Sabulu a Gindin Jirgi

Mu biyu muka bar Adar zuwa bida, wato ci-rani, ni da taubashina Nomau, ni kaɗai na komo. Mutanen Tabotaki sun zo sun yi mini gaisuwa, sun ce ruwa ya ci shi a Abijan, kwanansa ne ya ƙare. Ban musa ba. Amma yadda aka yi ruwan ya kai gare shi, da hannuna a ciki, kuma na gaji da karɓar ta'aziyya kamar wanda bai san komai ba.

Nomau ɗan kawuna ne na Garhanga, ubansa da innata ciki ɗaya. Tun muna yara ba mu taɓa gaisawa da daɗin baki ba. Shi ya ce ni bawansa ne, ni in ce ban taɓa ganin ubangida mai faso a diddige ba. Ƙato ne, manomi, in ya yi dariya ana jin ta daga gona ta uku. Ni kuwa na yi shekara shida ina aparanti, wato yaron mota, a bayan wata tsohuwar kamyo, babbar mota mai ɗaukar albasa daga Galma zuwa Madawa da Ƙonni, don haka nake ganin duk abin da aka yi da ƙarfe ba zai gagare ni ba. Saboda wannan iya yin nawa ya sa mini suna Injiniya. In zai faɗa sai ya ja ƙarshen, don kowa ya gane ba yabo ba ne.

A Gaya muka fara ganin ruwan kirki. Iyaka na rufe, sai a kwale-kwale ake tsallakawa. Mu da muka saba hango ruwa can ƙasan rijiya, ɗan faɗin faifai, sai ga shi ya shimfiɗu yana tafiya da kansa. Nomau ya zauna a tsakiya, ya rungume buhun wani bawan Allah, yana karanta duk abin da ya taɓa koya wurin malam.

Na ce, “Ubangida, ko in goya ka?”

Ya ce, “Yi kurum, ɗan banza. In ta kihe kai za ni hwara riƙewa, mu tahi tare.”

Da muka taka ƙasa ya rantse ba zai ƙara hawa ruwa ba sai ranar komowa gida.

A Kwatano aka yi mana sakiyar da babu ruwa. Muna tashar mota, wani mai farar jallabiya da tabon salla a goshi ya ji Hausarmu, ya taso da hannu biyu yana cewa Adarawa ƴan uwansa. Ya san Buza, ya san dutsen da ke hanyar Keita, har shayi ya saya mana. Ya karɓi kuɗin motar Abijan, ya kawo takardu biyu masu hatimi, ya sa mu a mota, ya bi mu da addu'a. A Lome direba ya ce mu sauka, nan takardarmu ta ƙare. Na nuna masa hatimi, ya yi dariya har da buga sitiyari. Ni ne mai ɗan faransanci, ni na duba takardar na ce ta yi. Kwana arba'in muka yi muna dako a kasuwar Lome, kuma duk lokacin da na buɗe baki zan ba da shawara sai Nomau ya ɗaga yatsa ya ce, “Ku saurara, Injiniya ya karanta.”

Akwai wata tsohuwa mai suyar kifi a bakin kasuwar, ba ta jin Hausa, mu ba ma jin yarenta. Ta ga muna jiƙa garin rogo da ruwa a bayan rumfarta, babu ko sukari. Daga ranar, kullum da azahar sai mu tarar da kawunan kifi a takarda a kan benci, ita kuwa ta juya mana baya tana hura wuta kamar ba ita ba. Ranar da za mu wuce muka je yi mata godiya, ta kore mu da hannu kamar kaji. Har yau ban san sunanta ba.

A Abijan mu goma sha ɗaya ne a ɗaki, duk Adarawa, wasu na tallar agogo, wasu gasa nama, wasu gyaran takalmi. Abin da ya fi ba ni haushi a garin nan ruwan sama ne. Ana sheƙa shi kan kwalta da kwano, a banza a wofi, wanda da rabinsa ya sauka a Tabotaki ba mai barin matarsa ya zo nan. Nomau yakan tsaya a bakin ƙofa yana kallo, ya ce, “Dibi hatsi na zuba cikin kwata.” Daga nan na san yana tunanin ƴaƴansa mata biyu, ni kuma in rasa tsiyar da zan yi masa.

Wani mai gadi, Bamoshe a ƙabila, da muke haɗuwa a masallaci shi ya shigar da mu aiki, a wani fili bakin tabkin da ke cikin gari, inda ake ɗaga jirage a tudu a gyara su. Aikinmu kankare gindin jirgi da shafa fenti. Shugaban ma'aikata Kofi ne, mutumin Gana, mai walda, mutum ne da ba ya faɗin magana sau biyu.

Can ƙarshen filin akwai wani tsohon jirgi a ɗore kan ginshiƙan ƙarfe, irin wanda ake ɗaga wa ƙyalle iska ta tura, da dogon sanda a tsakiyarsa. Yana da ɗan inji mai shan gazuwal, wanda ake tayarwa wajen fita da shiga, inda iska ba ta da amfani. Mai shi wani tsohon Bature ne, kowa na ce masa Kapiten. Shi da matarsa suka zo a jirgin, ciwo ya kama ta, ta rasu a nan. Jirgin ya shekara uku a tudu, tsohon na kwana a ciki. Gwiwoyinsa sun mutu, hannunsa na rawa, burinsa ɗaya ya koma ƙasarsu da jirginsa, ta Dakar.

Nomau ya dube shi rannan ya ce, “Wanga ma ɗan bida na. Ya zo, komawa ta gagara.”

Ban san yadda suka yi ba, amma suka shaƙu, alhali ba kalma goma da suka haɗa. Nomau ya dafa shayi ya kai masa, Kapiten ya koya masa ƙullin igiya. In ya ƙulla daidai tsohon ya tafa, in ya ɓata su yi ta dariya su biyu.

An gama gyaran jirgin tsohon, an yi fenti, an ɗinke ƙyalle. Ranar da aka zuba gazuwal don a gwada inji, kafin la'asar wari ya cika jirgin. Kofi ya ɗaga katakon daɓe ya haska tocila. Tankin baƙin ƙarfe ne, kwance a can gindin jirgi bayan inji, tsatsa ta ci ƙasansa, mai na tsattsafowa. Kofi ya fito ya share hannu, ya ce ba a yi masa walda a inda yake, jirgin zai kama wuta. Sai an ɗaga inji, an yanke daɓe, an ciro shi an ƙera sabo. Aikin wata biyu ne, shi kuma jibi zai tafi Gana jana'izar mahaifiyarsa. Masu filin kuwa sun riga sun ba Kapiten wa'adi, ƙarshen wata ko jirgin ya sauka ruwa ko a farfasa shi a ba wani wurin. Tsohon ya zauna kan bokiti, ya cire hularsa ya riƙe. Ban taɓa ganin Bature na kuka ba sai ranar.

Ni kuwa zuciyata sai tsalle take. A hanyar Buza dutse na huda tankin kamyo kusan kowane wata, maigidana direba ko tsaki ba ya yi. A sayo sabulun wanki, a ɗan jiƙa shi, a cuɗa da auduga har ya yi danƙo. A faɗaɗa hujin da ƙusa don ya samu wurin kamawa, a danna, a shafe. Mai ba ya cin sabulu. Da idona na ga liƙin da ya shekara, motar na hawa dutse tana sauka. Na yi ta mamakin yadda babban mai walda kamar Kofi bai san abin da kowane aparanti na Madawa ya sani ba.

Na bari sai da Kofi ya tafi, don na san zai hana. Sannan na je na gaya wa Kapiten da ɗan faransancina cewa zan tsayar da yoyon a wuni ɗaya, ba wuta, ba yanka. Ya tambaye ni da me. Na ce maganin ƙasarmu ne. Haka direbobi ke yi, ba su faɗin sirrinsu, ni ma na ɗauki girman na yafa. Tsohon ya juya ya dubi Nomau.

Nomau ya dafa ƙirji ya ce, “Gaya mai, wanga bawana na. Bakinai ya yi yawa, amma hannunai bai taɓa ba ni kunya ba. Gaya mai hakanan, kak ka rage komi.”

Ban iya fassarawa duka ba. Shekara talatin muna tare, ranar ce kaɗai ya yabe ni a gaban mutum. Kapiten bai ji Hausa ba amma ya ga hannun a ƙirji, ya ce to.

Muka zuƙe man muka juye a bido, manyan jarkoki. Na shiga ramin da kaina a ƙasa, ƙafafuna a sama, Nomau na riƙe da su yana cewa yau ya kama bawansa da kyau. Wurin ba ya ganuwa sai da guntun madubi. Na tarar ba huji ɗaya ba ne, ƴan ƙanana ne kamar bakin allura, guda biyar ko shida kusa da juna. Na sa ƙusa na haɗe su suka zama ɗaya, wanda ƙaramin yatsa zai shiga. Na danna sabulu sanda guda cif, na shafe shi sumul. Kapiten ba ya iya durƙusawa ya gani, sai ya ba da jarida aka shimfiɗa a ƙarƙashi, aka mayar da mai. Kwana uku jarida a bushe. Mako guda, a bushe. Ma'aikatan filin suka fara kirana Injiniya ba tare da jan ƙarshen ba, ni kuma har tafiyata ta sake.

Abin da ban tambaya ba shi ne, tankin da ke cikin ɗaki a rufe, me ya kai tsatsa ƙasansa? Da na tambayi ko da mai gadi ne da ya gaya mini. Ni a ganina jirgi kamar ƙwarya yake, ruwa a waje, ciki a bushe. Ban san tsohon jirgi kullum yana ɗan shan ruwa ta inda sandar farfela ta fita ba, ruwan ya taru a gindi, daidai inda na kwanta na yi aikina. A ƙasarmu tankin mota ba ya ganin ruwa sai wata uku a shekara, shi ma fantsali ne, rana ta busar kafin a kai Madawa.

Ana cikin haka Kapiten ya ce ba zai iya jan igiya shi kaɗai ba, yana so Nomau ya raka shi Dakar. Can yana da aboki mai irin wannan fili, zai ba shi aiki na dindindin da takardu. Na tuna wa Nomau rantsuwar da ya yi a Gaya.

Ya ce, “Rantsuwar tsoro ba rantsuwa ba ta. Tsohon ga in an bar shi shi ɗai, mutuwa za shi yi bisa hanya. Kuma tankin da bawana yag gyara, mi za ni tsoro?”

Na yi dariya, na ji daɗi.

Aka sauke jirgin a ruwa, ya kwana biyar a ɗaure suna loda kaya. Ni an mayar da ni can ɗaya gefen ina kankare wani jirgin kamun kifi, sai da yamma nake leƙowa. Warin gazuwal bai bar jirgin ba tun yoyon farko, ya shiga katako da katifa, don haka ba wanda ya kula. Agogon man ma ya daɗe da mutuwa. Kapiten ya san abin da ya zuba, ya san jarida ta bushe, hankalinsa a kwance.

Ranar tafiya da hantsi duk ma'aikata suka taru. Kapiten ya ba Nomau rigar ruwa mai ruwan lemo, ta matarsa ce, ba ta rufe ƙirjinsa ba, ya bar ta a buɗe. Muka yi musafaha, ya ce in na riga shi komawa in gaya wa Kawu ya tafi ganin inda ruwa ya ƙare. Aka kwance igiya, inji ya tashi, jirgin ya ja baya kamar gaba huɗu ko biyar. Sai wani ɗan famfo da ke gindinsa, mai tashi da kansa in ruwa ya taru, ya fara tofo ruwa ta wani huji a gefe. Ruwan fari ne, da kumfa. Kumfar ta sauka ta bazu, a kewayenta mai na walƙiya launi-launi.

Na san kumfar nan. Ba wanda ya san ta a wurin sai ni.

Da na yi ihu a lokacin da sun ji, tsakaninmu bai fi jifa ba. Amma ga mutum ashirin a bayana masu ce mini Injiniya, ga Kapiten na ɗaga hula, ga Nomau tsaye a goshin jirgi yana washe baki. Na ce a raina wataƙila bayan sabulun ne kawai ya narke, cikin na nan. Na ce sanda guda ne fa cif. Na ce in na tsayar da su yau, a gaban kowa, me zan ce na sa? Nomau ya ɗaga murya ya ce, “Injiniya! Ka riƙe mini gona, kak ka ci iri!” Mutane suka yi dariya. Na ɗaga hannu. Abin da na yi ke nan, na ɗaga hannu.

Na koma bakin aikina na ɗauki abin kankara, hannuna ya ƙi. Ban san minti nawa na yi ina gardama da kaina ba, sun fi ashirin. Sannan na ciro waya na kira Nomau. Tana shiga, ba a ɗauka. Ashe tana cikin jakarsa a ƙasa, kusa da ƙarar inji. Na kira har na daina ƙirgawa. Na ruga wurin Bamoshen nan mai gadi na ce ya taimake ni don Allah, man jirgin ya zube. Bai tambaye ni yadda na sani ba, ya tayar da babur.

Tsakanin tabkin da teku akwai wata mashiga, doguwa, an jera manyan duwatsu hagu da dama. A bakinta ruwan tabki mai fita ke karo da na teku mai shigowa, nan ne jirgi ke buƙatar inji fiye da ko'ina. Muka bar babur muka hau duwatsun da gudu. Na hango su, sun kusa fita. Ban ji lokacin da injin ya mutu ba, teku ba ta barin a ji komai. Na dai ga jirgin ya daina tafiya, ya juya gefe, igiyar ruwa ta ɗaga shi ta nufi duwatsun ɗaya gefen da shi. Na ga Kapiten na nuni da hannu. Na ga rigar lemo ta rarrafa zuwa goshin jirgi, wurin ƙarfen da ake jefawa ya riƙe ƙasa. Ya kai, har ya ɗaga ƙarfen. Sai jirgin ya bugi dutse, ruwa ya rufe goshin, da ya janye babu kowa a wurin.

Masunta ne suka ciro Kapiten, da karaya a kafaɗa. Sun samo rigar lemon tana yawo ita kaɗai.

Kwana uku ina bin gaɓa, daga safe har rana ta faɗi, ina duba duk abin da ruwa ya turo. Robobi, takalma, kututturen kwakwa. Masunta suka ce a wurin nan ruwa in ya ja waje yake kaiwa, ba ya mayarwa. Adarawan ɗakinmu suka haɗa abin da ya samu aka yi sadakar uku, aka yi addu'a, babu gawa babu likkafani. Kowa na cewa in yi haƙuri, na rasa ɗan uwa. Ni kuwa ko kuka ya ƙi zuwa, sai wani ɗaci a baki.

Na je asibiti ganin Kapiten. Ya kama hannuna da hannunsa mai lafiya, yana ta ba ni haƙuri. Wai laifinsa ne, injin ya tsufa kamar shi, bai kamata ya ɗauki wanda bai iya ruwa ba. Na tsaya ina jinsa yana ɗaukar kayana yana ɗora wa kansa, ban ce uffan ba. Wannan ma yana cikin abin da zan amsa gobe kiyama.

Kofi ya dawo bayan mako biyu. Ya ji labari, ya kira ni bayan rumfar walda inda ba kowa. Tambaya ɗaya ya yi, da me na liƙe tankin. Na gaya masa. Na zaci mari zai biyo, ko ya kira jandarma, kuma wallahi da na fi so. Sai ya ce in tafi gida, in gaya wa mai ɗan da bakina, kada in bari ya tsufa yana zargin teku ita kaɗai. Shi da kansa ya sa ni a mota, ya saya mini burodi da ruwa.

Hanyar komowa ban riƙe komai nata ba. A Gaya na zauna a kwale-kwale ina kallon tafin ƙafata har muka tsallake.

Na kwana biyu a Tabotaki wurin inna, na kasa gaya mata. Rana ta uku na hau babur zuwa Garhanga. An gama girbi, kara a tsaye a gonaki. Kawu Alka, mahaifin Nomau, yana zaune a inuwar rumbu. Tsohon mahaƙin rijiya ne, rabin rijiyoyin yankin da hannunsa a ciki, kuma duk wanda ya faɗa rijiya daga nan har Keita shi ake kira ya sauka ya fiddo shi. Yanzu idonsa ya yi rauni, amma kafaɗun na nan. Na durƙusa, muka gaisa, ya yi mini barka da hanya, ya sa aka kawo hura. Ban taɓa ta ba.

Na ce, “Kawu, akwai abin da ba a gaya maka ba.”

Ya ce, “Ina jin ka, Illa.”

Na faɗa masa duka. Tankin, ƙusar, sabulun, kumfar da na gani, da hannun da na ɗaga. Ban rage ba, ban gyara ba. Ina magana ina kallon ƙasa, ina jiran sandarsa.

Kaji suka zo suna tsattsagar ƙasa kusa da mu. Sannan ya ce, “Sabulu cikin ruwa, Illa.”

“Ban san ruwa na shiga ba, Kawu. Amma kumhwar na gane ta. Ita na gane ta.”

“Ka gane ta,” ya ce. Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Ya shafa gemunsa, ya juyo da fuskarsa wajena. “Wurin da yah hwaɗa, gaba nawa na?”

Ban gane ba da farko. Na ce, “Kawu, teku ta. Ba a auna ta da gaba.”

“Babu ruwan da ba shi da ƙasa,” ya ce. “Ni ban taɓa barin ɗan kowa ƙasan ruwa ba. Na Bugaje na hiddo, na Hilani na hiddo, wanda ban san uwatai ba na hiddo, an yi mai wanka an rufe shi awa mutum. Gaba nawa na?”

Ya dafa rumbu ya miƙe, ya shiga ɗaki. Na ji yana jan wani abu. Ya fito da igiyarsa ta aiki, tsohuwa, baƙa, mai kauri, ya zube ta a gabana. Ya kama bakinta ya fara aunawa, yana buɗe hannuwansa iya faɗinsu, yana ƙirgawa a fili. Ɗaya, biyu, uku. Matar Nomau ta fito ta tsaya a bakin darni da ƙaramar a goye. Ya wuce ashirin, ya wuce talatin, numfashinsa ya fara sama-sama, bai tsaya ba. A arba'in da bakwai igiyar ta ƙare a hannunsa.

Ya riƙe ƙarshen, ya dube ni da idanun nan da ba su gani sosai.

“Ba ta kai ba?”

Na ce, “Ba ta kai ba, Kawu.”

Sai ya zauna a ƙasa, ba kan tabarma ba, ya fara naɗe igiyar a hankali. Naɗin ya ƙi tsayawa, sai na matsa na kama masa ɗaya bakin, bai hana ni ba.